Kuɗin tikitin shiga ba shi ke cinye aljihu ba

Da ka ce wa magidanci ya fita da iyalinsa shan iska a ƙarshen mako, amsar da ke bakinsa ɗaya ce: babu kuɗi. Yana da gaskiya, sai dai a ganina ba a ramin da ya dace yake neman ɓerar ba. Zauna ka lissafa abin da fita ɗaya ta ci, za ka tarar kuɗin tikitin shiga wurin shi ne ƙarami a ciki. Masu cinye aljihu su ne kuɗin mota zuwa da dawowa, da ciye-ciyen da ake saya a wurin da tsada, sai tarkacen da yara ke hangowa a bakin ƙofar fita su kafe sai an saya musu. Wanda ya toshe waɗannan ramukan zai riƙa fita a kai a kai, cefanen gida bai ji a jikinsa ba.

Wuraren zuwa kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba suna nan a kowane babban birni, sanarwa ce kawai ba su iya ba. Gidan tarihi, ɗakin karatu na jama'a, lambun itatuwa, tsohuwar unguwa mai gine-ginen da, bakin kogi ko tafki. Jami'a kuwa taska ce da mutanen gari ke wucewa ta gabanta kullum: akwai laccar da kowa zai iya shiga, da wasan kwaikwayon ɗalibai, da baje kolin zane-zanen 'yan ajin ƙarshe, kuma waɗannan yaran nema suke a zo a gani. Kalanda ma tana da ranakunta. Tun 1977 ake bikin Ranar Gidajen Tarihi ta Duniya duk 18 ga Mayu, kuma gidaje da yawa kan buɗe ƙofa kyauta a ranar ko a makonta. Bikin kiɗan kan titi na 21 ga Yuni, wanda aka fara a Faransa a 1982, ya bazu zuwa ƙasashe fiye da ɗari, ba a biyan ko sisi.

A nan ina da magana da masu riƙe da birane. A Birtaniya an cire kuɗin shiga manyan gidajen tarihi na ƙasa tun Disamba 2001. A Bogota, babban birnin Kolombiya, al'adar da ta faro a 1974 ta kai ga ana rufe wa motoci tituna na fiye da kilomita 100 duk Lahadi, daga 7 na safe zuwa 2 na rana, a bar su ga masu keke da masu tafiya ƙasa. Ba gini aka yi ba, titin da yake nan aka ba mutane aro na 'yan sa'o'i. Talaka na da haƙƙin hutu a garinsa, kuma irin wannan ba ya bukatar dukiya mai yawa, niyya yake bukata.

Mu dawo kan shiri, don a nan ake faɗuwa. Zaɓi wuri ɗaya tak ya zama shi ne abin da ya fito da ku, sannan ka nemi na biyu wanda za a iya takawa zuwa gare shi cikin minti goma zuwa goma sha biyar. Kuskuren da aka fi yi shi ne jera wurare uku a kusurwoyi uku na gari. Kowane tsallake sabon kuɗin mota ne, kuma rabin yinin a cunkoso zai ƙare. Tun ana gobe fita ka tabbatar da lokacin buɗewa, ta waya in da hali, ko ta sanarwarsu ta baya-bayan nan a Facebook, domin lokutan da ke intanet sau da yawa tsofaffi ne. Tambayi abu uku: yaushe ake daina shigar da mutane, wanda yakan riga rufewa da rabin awa ko awa guda, ko akwai rangwame ga yara da ɗalibai da tsofaffi, don a tafi da katin shaida, da kuma ko tikitin kyauta sai an yi rajistarsa tun da wuri. Mutane da yawa sun sha komowa daga bakin ƙofa a kan wannan na ƙarshen.

Ku isa lokacin da ake buɗewa. Awa ta farko babu layi, babu zafi, kuma ma'aikatan ba su gaji da tambayoyi ba.

Akwai wani abu da masana gidajen tarihi suka daɗe da sani. A 1916 Benjamin Gilman na gidan zane-zanen Boston a Amurka ya yi rubutu kan gajiyar da ke kama mai kallo saboda tsayuwa da sunkuyawa da ɗaga wuya. Bayan ɗan lokaci ido na kallo amma zuciya ta daina ɗauka. Saboda haka kada ka ce sai kun zagaye kowane ɗaki don a ci kuɗin tikiti. Zaɓi abu biyar ko shida, ku tsaya a gaban kowanne da kyau. Ka ga yarinya ta manna hanci kusa da gilashi tana bin zanen jikin tsohuwar tukunya da yatsa a iska, to rabu da ita ta gama, kada ka ja hannunta zuwa ɗaki na gaba. Ka tambaye ta me take tsammani ake zubawa a ciki, wa ya ƙera ta, me ya sa bakinta ya yi ƙanƙanta. Da yara, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta isa. A fita tun suna so a ƙara, shi ne zai sa su roƙi a dawo.

Guzuri daga gida yake fitowa. Kowane mutum da gorar ruwansa, kamar lita ɗaya ga rabin yini idan ana zafi. Dabara mai sauƙi: cika gora rabi, ta kwana a firiza, da safe a ƙarasa cika ta, sanyinta zai kai rana. Abincin ya zama busasshe wanda ba ya lalacewa a jaka. Wurare da yawa ba sa barin a shiga da abinci ko babbar jaka, don haka a tsara cin a lambu bayan an fito. Maganar kantin bakin ƙofa kuwa a gama ta tun daga gida: ba kowane yaro ɗan abin da ka yanke a hannunsa, ka gaya masa idan ya ƙare ya ƙare.

Kuɗin komawa gida a ware shi a wani aljihu daban, kada a taɓa. Motar da ake kira ta manhajar waya farashinta na tashi idan taro ya watse a lokaci ɗaya ko ruwa ya sauko, don haka ku fita minti goma sha biyar kafin a tashi, ko ku taka nesa da ƙofa kaɗan kafin ku kira. Ku san lokacin bas na ƙarshe. A caja waya ta cika, a sauke taswirar unguwar don ta yi aiki ko babu data. Da kun shiga wuri mai cunkoso, nuna wa yara abu ɗaya da ake hangowa daga nesa, kamar babbar bishiya ko ƙofar shiga, a matsayin wurin haɗuwa idan an rabu. Ƙaramin da bai haddace lambar wayarka ba, rubuta masa ita a takarda ka sa a aljihunsa tun kafin a bar gida.