Sawun kada a kan dutse ba alamar nauyinsa ba ne

Sau da yawa a nan Zariya, idan aka nuna wa mutane hoton sawun kadojin zamanin da a jikin dutse, sai su ce lallai dabbar ta yi nauyin da ƙafarta ta nutse cikin dutsen. Fahimtar ba ta rasa dalili ba, domin abin da ido ke gani ke nan, amma ba haka lamarin yake ba.

Lokacin da dabbar ta taka wurin, laka ce mai taushi a bakin ruwa. Sawun ya bushe, yashi ko wata lakar ta rufe shi kafin ruwa ya share, sannan a cikin miliyoyin shekaru nauyin ƙasar da ta taru a sama ya mayar da lakar dutse. Haka aka samu sawun da masana suka bayyana a Koriya ta Kudu a 2020, mai tsawon santimita 18 zuwa 24, wanda har zanen fatar ƙafar ya fito, kuma babu sawun ƙafafun gaba ko jan wutsiya, abin da ya sa suka ce dabbar da ƙafa biyu take tafiya.

Shi ya sa ba a neman irin wannan sawu a Kufena, tsaunin da ke kusa da Zariya, domin dutsensa daga narkakken dutse ya daskare a ƙarƙashin ƙasa.