Binciken da Ya Cinye Mai Bincike

Tun da Elon Musk ya sayi Twitter a 2022 nake jin ana zuga kafofin sada zumunta da ba su da ubangida ɗaya. Ni kuma da shegen son a sani, na ce bari in auna da kaina in ga inda aka fi kula mutum. Na ja layi uku a littafi: Mastodon, Bluesky, Nostr. Barkwanci ɗaya zan saka ko'ina, da hoton kyanwa.

Da Mastodon na fara. Ashe can ba a tura rubutunka gaban baƙi. In ba ka da mabiya kuma ba ka sa hashtag ba, kai da bango kuke hira. Kwana biyu shiru kamar an aiki bawa garinsu. A na uku wata baiwar Allah ta amsa cikin ladabi, wai in riƙa rubuta bayanin hoto saboda makafi. Barkwancin ko kallo bai ishe ta ba. Na rubuta 1 a littafi. Ƙanena da ke wata saba daban (saba ita ce kwamfutar da ke riƙe da asusun mutum, kuma Mastodon tana da su da yawa) ya duba ya ce, "Yaya, ni sifili nake gani." Wai kowace saba abin da ya iso mata kawai take ƙirgawa.

A Bluesky harafi 300 ne iyaka, sai na datse barkwancin, garin datsewa na yanke wurin dariyar. Mutum huɗu suka danna zuciya, ɗaya ya tambayi ƙarashen.

Nostr ce ta kai ni ta baro. Can babu kalmar sirri, mabuɗi biyu ake ba ka: npub na rabawa jama'a, nsec na ɓoyewa ko daga matarka. Ina saka kyanwar wani ya aiko mini tukuicin satoshi 21. Na miƙe tsaye! Sai da ƙanen nawa ya tuna mini satoshi miliyan 100 ne ke yin Bitcoin ɗaya na koma na zauna. Duk da haka kaina ya fasu, na ce bari in liƙa mabuɗina kowa ya biyo ni. Na kwafo, na liƙa, na tura.

Nan take amsoshi suka fara zubowa kamar ruwan sama. Ina ta murmushi ina cika littafi, sai na tsaya karanta ɗaya: "Bawan Allah, nsec ɗinka ka saka." Na yi ta danna gogewa, alhali rubutun ya riga ya bazu a sabobi barkatai, kuma babu ofishin da zan kai kuka.

Yanzu wani ne ke rubutu da sunana a can. Jiya ƙanena ya leƙa ya ce, "Yaya, wallahi ya fi ka samun amsa. A wane layi zan saka?"