Ranar da na mayar da shagona jirgin yaƙi

Ni dai ban taɓa ganin teku ba, iyakar ruwana dam ɗin Kubanni, shi ma daga nesa. Amma a watan Afrilun nan sai da na yi aikin injiniyan sojan ruwa a shagona na Samaru.

Kwamfuta huɗu gare ni, muna buga wa ɗaliban ABU furojet. Kun san zafin nan na kafin ruwa ya sauka, kwano ya sha rana, da azahar ta yi sai injinan su kama gurnani kamar na markaɗe, can sai ɗif, ga ɗalibi tsaye a kanka wai gobe zai kai wa malaminsa.

Sai na kira Yayanmu da ke sojan ruwa a Legas, na ce Yaya ku da kuke rufe cikin jirgin ƙarfe ya kuke yi da naku kwamfutocin? Ya ce nasu a jere suke hawa-hawa cikin dogayen akwatunan ƙarfe kamar wadirob, faɗin inci 19, fankoki su jawo iska mai sanyi ta gaba su tura mai zafi ta baya, kuma ba a bari biyun su cakuɗe. Sanyin daga ruwa yake, akwai injin da ke sanyaya shi ya sauko wajen digiri 7, a tura cikin bututu, iska ta bi ta jikin bututun ta yi sanyi, zafin kuma ruwan teku ke kwashewa. Iskar waje ba a sakar musu ita haka nan saboda gishiri gare ta, tsatsa take jawowa. Yana cewa "amma abin da za ka kiyaye..." katina ya ƙare.

Na ce ai na riga na gane, sauran bayani ne kawai.

Na aiki yaron shago ya sayo ƙanƙara ta leda guda uku, biyu a baho, fanka a bayansu tana hurawa gaban injinan, na rufe taga da ƙofa ruf. Ta ukun kuwa, nan basira ta motsa, na ce me zai sa sanyi ya yi ta zagaye, na ɗora ta kai tsaye a kan babbar kwamfutar, wadda duk aikin mutane ke ciki. Na ce wa yaron daga yau Kyaftin zai dinga kirana. Wallahi rabin awa shagon ya yi daɗi, har mai gyaran waya na maƙwabta ya shigo ya zauna ba a gayyace shi ba.

Sai ƙauri. Sai wani ɗan ƙara, tas! Allo ya yi baƙi. Da na kwance murfin, cikinsa duk zufa, ruwa na ɗiga ɗis-ɗis a kan allon wayoyin, alhali ledar ko hujewa ba ta yi ba.

Da daddare na sa kati na kira Yaya. Ya yi dariya har da tari, ya ce abin da zai faɗa min kenan, ƙarfe in ya yi sanyi damshin iska yake tarawa kamar kwalbar lemo daga firji, shi ya sa su suke naɗe bututun da soso mai kauri, ga faranti a ƙasa da magudana mai fitar da ruwan. Sai na ji yana ce wa wani, zo ka ji ƙanena.

Babi uku na furojet ɗin wata baiwar Allah na sake bugawa kyauta. Yau da safe mai shayin bakin titi yana hango ni ya ajiye ludayi ya sara min, ya ce Kyaftin, da madara ko ƙanƙara za a sa?