Maƙala 5,000 a shekara, amma wa ya ji sauƙin latsa waya?

A shekarar 2024, maƙalolin da masu bincike suka aika wa taron CHI sun haura 4,000. Da aka je Yokohama ta ƙasar Japan a 2025, sun kai wajen 5,000, aka karɓi kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan shi ne babban taron shekara-shekara na masu nazarin mu'amalar ɗan Adam da kwamfuta, ƙarƙashin ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM, kuma duk lokacin da irin waɗannan alƙaluma suka fito sai ka ga ana yaɗa su da murna, wai fage ya bunƙasa. Ni dai ban ga abin tafi ba. Ci gaban mai haƙan rijiya ne.

Aikin wannan fage a bayyane yake: a gyara na'ura ta dace da mutum, tsohuwa ta tura saƙo ba sai ta kira jika ba, makaho ya cike fom shi kaɗai, ma'aikacin asibiti kada ya latsa maɓallin da zai yi kisa. Na ƙarshen nan ba zuzutawa ba ce. Tsakanin 1985 da 1987, na'urar gashin cutar daji (kansa) ta Therac-25 ta zabga wa aƙalla marasa lafiya 6 hasken da ya wuce kima, wasu suka mutu. A wani asibiti a Texas, abin da na'urar ta nuna wa mai sarrafa ta shi ne saƙon matsala mai lamba 54, babu wani bayani. Matar da ke sarrafa na'urar ta saba ganin irin waɗannan saƙonni kullum ba tare da wani abu ya faru ba, sai ta latsa maɓallin ci gaba. Mai binciken da ya hana irin wannan ya gama aikinsa, ko da ba a taɓa ambaton sunansa a maƙalar kowa ba.

To amma jami'o'i da me suke awo? Da ƙidaya. Maƙala nawa ka fitar, sau nawa aka ambace ka, nawa ne ma'auninka na h, wato lambar da ke haɗa yawan maƙala da yawan ambato, wanda wani masanin kimiyyar fiziks, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro a 2005. Da wannan ake ɗaukar aiki, da shi ake ƙarin girma, da shi ake raba kuɗin bincike.

A ɗora Douglas Engelbart, wanda ya ƙirƙiro linzamin kwamfuta, a kan wannan sikeli mu gani. Ya zayyana manufarsa a wani rahoto a 1962. Ranar 9 ga Disamba, 1968, ya tsaya gaban taro a San Francisco ya nuna linzamin kwamfuta, da rubutun da ake latsawa ya kai ka wani shafi, da yadda mutum biyu za su gyara takarda ɗaya suna ganin juna ta allo. Linzamin bai shiga gidajen jama'a sosai ba sai da Apple ta fitar da Macintosh a 1984. A tsakanin nan kuɗin bincikensa ya ƙafe, mutanensa da dama suka watse zuwa cibiyar bincike ta Xerox PARC, lambar girmamawa ta Turing, babbar lambar yabo a fannin kwamfuta, kuma ba ta zo ba sai 1997. Haka allon da ake shafawa da yatsu da yawa: a 1985 wasu masu bincike na Jami'ar Toronto, ciki har da Bill Buxton, suka gabatar da irinsa a taron CHI ɗin nan, amma duniya ba ta waiwayo ba sai da iPhone ta fito a 2007. Buxton da kansa ya daɗe yana cewa ƙirƙira a wannan fanni takan ɗauki kimanin shekara 20 kafin ta nuna.

Shekara 20 ke nan, alhali matashin malami a jami'ar Amurka yana da kimanin shekara 6 ne ya tabbatar da kujerarsa ko ya tattara komatsansa. Me ake so ya yi? Abin da kowa zai yi. Zai yayyanka bincike ɗaya ya zama maƙala uku. Kafin wa'adin aika maƙala zuwa CHI na watan Satumba ya cika, ɗalibinsa na digirin digirgir zai bi ofisoshin da ke kusa ya tattaro abokai, ya zaunar da su minti 30 gaban wata sabuwar manhaja, ya ba su takardar tambayoyi, su ce ta burge su, a rubuta. Manhajar kuwa, ana gama taro ta mutu a cikin kwamfutarsa. Ba ƙage nake yi ba. Wata mai bincike, Kelly Caine, ta bi maƙalolin CHI na 2014, ta gano cewa adadin mahalarta da aka fi amfani da shi mutum 12 ne. Wani nazari na 2021 kuma ya nuna kashi 73 cikin 100 na sakamakon da ake gabatarwa a taron daga mutanen ƙasashen Yamma aka samo shi, waɗanda ba su kai kashi 12 cikin 100 na al'ummar duniya ba. Da wannan ake yanke hukunci kan abin da "mutane" ke so.

Yanzu ma abin ya ƙara lalacewa. Tun da ƙirƙirarriyar basira ta shigo, wasu sun fara tallata cewa ba sai an wahala neman mutane ba, a sa manhaja ta yi kamar ita ce mai amfani da na'urar, ta amsa tambayoyin. Fagen da ɗan Adam ke cikin sunansa yana neman hanyar sallamar ɗan Adam ɗin don ya cika wa'adi! Manhaja ba ta da hannu mai rawa, ba ta da idon da ya fara dishi-dishi, ba ta jin kunyar cewa ba ta gane ba. Waɗannan kuwa su ne ainihin abin da aka fito nazari.

Masu kare ƙidaya sukan ce alƙaluma ba sa son kai, sun fi ra'ayin wasu dattawa a kwamiti. Uzurin wanda ba ya son karatu ne kawai, domin ambato ma ana cinikinsa, ka ambace ni in ambace ka, kuma kowa a harkar ya san haka.

Abin takaicin, ba a rasa mafita ba, an ma rubuta ta. A 2012 aka tsara sanarwar San Francisco kan tantance bincike, wadda ta ce a daina auna mutum da martabar mujallar da ya yi bugu a ciki. A 2015 ƙungiyar CRA ta sassan nazarin kwamfuta na Arewacin Amurka ta fitar da shawara, wadda Batya Friedman, ita ma 'yar wannan fage, ta rubuta tare da Fred Schneider: wajen ɗaukar aiki a duba maƙala ɗaya ko biyu, wajen tabbatar da kujera a duba uku zuwa biyar, amma a karanta su da gaske. Cibiyoyi da yawa sun sa hannu a sanarwar farko, sun yaba wa ta biyu, sannan maƙaloli suka ci gaba da ninkuwa.

Da ni ake tambaya, da na ƙara sharaɗi ɗaya. Duk mai neman kujerar farfesa a wannan fanni ya nuna wani abu da ya gina ko ya gano wanda ake amfani da shi a wajen ɗakin gwajinsa, ko kuma ya yi bayani mai gamsarwa kan dalilin da ya sa lokacinsa bai yi ba tukuna. Kwamitin da ya ce ba shi da lokacin karanta maƙala uku, a rushe shi a naɗa wani.