Yadin gora da abin da ba a rubutawa a jikin leda

Kwanakin baya na shiga wani shago a Kano neman zanen gado. Mai shagon ya zaro wani mai santsi kamar siliki, ya nuna mini hoton koren ganye a jikin ledar, ya ce, "Alhaji, wannan da gora aka yi shi, ba sinadari ko ɗaya." Ban ga laifinsa ba, abin da masu kayan suka rubuta ya maimaita mini.

Duk wanda ya taɓa riƙe sandar gora ya san ba ta yin laushi don an roƙe ta. Sai an daddatsa ta an dafa ta zama ƙullu, a jiƙa a soda mai ƙuna, a zuba wani sinadari mai suna kabon daisalfaid har ta narke ta yi kauri kamar zuma, sannan a matso ta ta wasu 'yan ƙofofi zuwa cikin ruwan asid, ta fito a zare. Wannan zaren shi ake kira reyon ko biskos, kuma kafin ya iso hannun masaƙi babu abin da ya rage na gora a jikinsa sai suna. Shi kuwa kabon daisalfaid, likitoci sun daɗe da sanin yana lalata jijiyoyi da zuciyar ma'aikacin da ke shaƙarsa kullum.

A Amurka hukumar FTC mai kare masu saye ba ta bar maganar ta wuce ba. A 2013 kamfanonin Amazon da Macy's da Sears da Leon Max suka biya tarar dala miliyan 1.26 a haɗe saboda sayar da reyon da sunan gora. A 2022 Walmart ya biya miliyan 3, Kohl's miliyan 2.5, kan laifi iri ɗaya. Kuɗin bai kai cikin cokali ba a wurinsu, amma an kafa hujja: kalmar da ke jikin leda alkawari ce, ana iya kama mutum da ita.

Auduga ma da muke alfahari da ita ba ta tsira ba. Don noman ta ne Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya tun shekarun 1960, har tafkin Aral, na huɗu a girma a duniya a lokacin, mafi yawansa ya ƙafe ya bar jiragen kamun kifi a kan yashi a garin Moynaq na Uzbekistan.

Ina goyon bayan zaren tsiro, kada a fahimce ni a baibai. Ya fi zaren roba da ba ya ruɓewa, kuma akwai hanyar yin sa da tsafta. Kamfanin Lenzing na Ostiriya yana yin zaren Tencel daga itace, yana sake tattaro sama da kashi 99 cikin 100 na sinadarin da ya narkar da shi. Abin da nake cewa shi ne, tsaftar yadi a bututun bayan masana'anta ake gane ta.

Nan ne maganar ta taɓa mu. Ana ta kiran a farfaɗo da masaƙun Kaduna da Kano, a dawo da audugar Funtuwa, har da ramar da kakanninmu ke tufka igiya da ita. Madalla. To amma doka muna da ita tuni: an kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2007, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idojin muhalli na masana'antun yadi da fata da takalma. Duk da haka wanda ya bi ta bayan Sharaɗa ko Bompai, unguwannin masana'antu na Kano, ya ga launin ruwan da majemu da masana'antu ke sakowa, ya ji warinsa, a ƙasa kuma ga masu lambu suna ban-ruwan latas da kabeji da shi. Kafin a ba kowace masaƙa rancen farfaɗowa ko sassaucin haraji, jami'i ya je da ƙafarsa ya ga wurin tace ruwanta yana aiki, ya ɗebi ruwan a kwalba, a gwada, a buga sakamakon inda mai lambu a bakin kogin Jakara zai ji shi a rediyo.