Ƙara daban, ƙarfi daban: ku ƙyale salansar babur ta huta

Jiya da daddare na sa hoton wani ɗan ƙarfe a shafina. Wannan abin da gefensa ya cinye kamar ɓera ya gwagwiye shi, bawul ɗin fitar hayaƙi ne na babur ɗina. Masu tambaya ta akwatin saƙo ko hatsari na yi, ban yi hatsari ba, alhamdu lillahi. Wani bakanike ne ya kashe mini inji da hannunsa, aka kuma biya shi kuɗin aiki.

Kuma tun yanzu in faɗa, ba yaron nake zargi ba. Ɗan yayata ne, shekararsa ba ta kai ashirin ba, na bar masa mashin ɗin sati uku da na yi tafiya don ya riƙa leƙa mini gona a wajen Kadawa. Ya ga in ya ɗauko taki buhu biyu ya sauka daga kwalta ya shiga yashi, mashin yana nishi, sai ya tafi neman magani. Niyyarsa mai kyau ce. Bakaniken da ya faɗa hannunsa ne bai ji tsoron Allah ba. Ya yanka salansa ya zaro cikinta ya sake liƙewa da walda, ya cire soson iya kilina, wato matatar iskar da ke shiga inji, ya jefar wai yana toshe numfashi, ya ɗaura masa wani ɗan akwatin wuta mai launi da aka rubuta wa sunan tsere a jiki. Shi ke nan, ya ce an ƙara ƙarfi.

Ranar da na dawo, tun yaron yana kan kwanar layinmu na ji shi. Ya tsaya a ƙofar gida yana murɗa totur, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Kawu, ka ji yadda yake kuka yanzu? Wallahi ba ka san shi ba." Na ce kashe shi. Na sa hannu kusa da kan injin, zafin da ke tashi kamar na bakin tanda. Bakin bututun hayaƙin ya koma shuɗi-shuɗi. Na kwance fulogi na duba, kansa fari fat kamar an shafa masa alli. A nan na san an gama da ni. Garin neman ƙiba an samo rama.

Jama'a, ƙara ba ƙarfi ba ce. Zan maimaita har ku gaji da ni. Kunne ne yake ruɗar mutum. In mashin yana ihu, sai zuciya ta raya maka gudu kake, alhali in ka auna da agogo daga wannan turken wuta zuwa wancan, ko dai daidai yake da da, ko ma ya ragu. Musamman a ƙasa, wato lokacin tashi da lokacin hawa tudu da kaya, inda mu masu shiga gona muke buƙatarsa.

Inji abinci yake ci, kuma abincin gauraye ne na iska da fetur. A lissafi, wajen kashi 14.7 na iska ne ke ƙone kashi 1 na fetur ƙurmus, amma injin da ake so ya ja sosai ya fi son a ɗan ƙara masa mai, wajen 12.5 zuwa 13. Kamfani ya zauna ya auna kafireto (inda ake gauraya iska da fetur) da iya kilina da salansa tare, kowanne ya dace da ɗan uwansa. Kai kuma ka zo ka buɗe gaba ka buɗe baya, iska ta yi yawa, man da jet (ɗan ramin da fetur ke bi a cikin kafireto) yake bayarwa yana nan yadda yake. Gaurayen ya tsinke kamar kokon da aka cika wa ruwa. Gauraye mai tsinki zafi yake haifarwa, kuma wannan inji ba shi da lagireto, iskar hanya ce kawai take sanyaya shi. To ka haɗa: watan Afrilu a Kano zafi yana haura digiri 40, kana cikin yashi a giya ta ɗaya, totur a buɗe, tafiya kamar ta mai jan ƙafa, babu iskar da take bugun injin. Me kake jira ya faru? Bawul ne zai fara ƙonewa, in an yi rashin sa'a fistin ya kama.

Shi kuwa cire soso, wannan ban ma san sunan da zan ba shi ba. A Kano? Garin da in ka wanke mashin da safe lokacin hunturu, kafin azahar za ka iya rubuta sunanka da yatsa a kan tanki? Ƙurar nan da kake gani laushi gare ta a hannu, amma a cikin silinda sanfefa ce. Da aka buɗe nawa na sa farce a jikin bangon silindar, farcen yana maƙalewa a cikin zane-zanen da ƙura ta yi. Sati uku kacal a hanyar gona.

Na san abin da za a zo a rubuta mini a ƙasa. "Ai masu tsere haka suke yi." Ku bar wannan maganar. Salansar tsere ƙera ta aka yi da lissafi, tsawon bututun da faɗinsa duk an auna, aka canza jet ya dace, kuma injin nan buɗe shi ake yi a kai a kai. Baburan gasar Dakar, wadda ta koma Saudiyya tun 2020, injinsu 450cc ne, kowane dare akwai masu duba su. Kai wa zai duba maka? Su kansu masu tseren tsallake tudu ana auna ƙarar mashin ɗinsu kafin a bar su su shiga fili, wanda ya wuce ƙa'ida a mayar da shi. Wato ko a can ba a ɗauki ihu a matsayin gwaninta ba.

Wani kuma zai ce, "Ni na yi shekara biyu da yankakkiyar salansa ban ga komai ba." To, Allah Ya ƙara tsarewa. Daga Kabuga zuwa Bata kake zuwa a kan kwalta kai kaɗai. Ka ɗora buhu biyu ka shiga gefen kanal bayan an yi ruwa, ka dawo mu yi magana.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, abin da yaron nan yake nema yana nan, kuma bai kai tsadar ɓarnar da aka yi ba. Da ni ya tambaya, ko wani tsohon bakanike mai mutunci, abu na farko da za a ce masa shi ne sifiroket, wato faifan nan mai haƙora da kaca take hawa, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Nan maganar take. Babur ƙarami, Boxer 100 ne ko ɗan 125 irin nawa, ƙarfin dokinsa tsakanin 8 ne zuwa 11 ko kusa da haka. Ba za ka mayar da shi 20 da zarto da walda ba. Amma za ka iya canza yadda wannan ɗan ƙarfin yake isa tayar baya. A ce na gaba haƙora 14 ne, na baya 42. Raba 42 da 14, ka samu 3, wato sai ƙaramin ya juya sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. Sa na baya mai haƙora 45, lissafin ya koma 3.2. Ƙarin kusan kashi 7 cikin 100 ke nan na ƙarfin ja a taya, a kowace giya. Ko ka bar na baya ka rage haƙori ɗaya a gaba, 13 maimakon 14, kusan sakamako ɗaya ne, domin haƙori ɗaya a gaba yana daidai da wajen uku a baya. Ni na fi son a ƙara na baya, saboda ƙaramin sifiroket a gaba yana saurin cinye kaca, sai dai wani lokaci dole ka ƙara wa kacar tsawo.

Akwai abin da za ka rasa, ba na ɓoyewa. In da mashin yana kai 90 a kan titin Zariya, yanzu zai tsaya wajen 84, kuma zai ɗan ƙara shan mai a doguwar tafiya. To sai me? Wa yake gudun 90 a kan kunya da buhun yuriya a baya? Abin da kake so shi ne ka saki kuloci mashin ya tashi ba tare da ka ƙona farantan kulocin ba. Wannan shi ne ƙarfin da ake ji a jiki, ba a kunne ba. Kuma in za ka canza, ka canza kaca da sifiroket duka biyu lokaci ɗaya. Sabuwar kaca a kan tsofaffin haƙoran da suka lanƙwashe kamar ƙugiya asarar kuɗi ce.

Na biyu, kuma wannan kusan kyauta ne: yawancin baburan da ake cewa ba su da ƙarfi, ƙarfinsu ne ya zube a hanya, ba ƙari suke buƙata ba, a dawo musu da nasu. Soson iya kilina ya toshe da ƙura, a wanke shi, a bar shi ya bushe, a ɗan shafa masa baƙin mai a matse, a mayar. In na takarda ne a sayi sabo. Tafet, wato 'yar tazarar da ke tsakanin bawul da abin da ke danna shi, a saita shi injin yana sanyi, da ma'aunin nan mai siraran ƙarafa, ba da ƙiyasin yatsa ba. In ya matse da yawa bawul ba ya rufuwa sosai, matsin inji ya gudu. Kaca kada ta yi tauri kamar tsirkiya, kada kuma ta yi lako-lako, wasan santimita 2 zuwa 3 a tsakiya ya isa. Ɗaga tayar baya ka juya da hannu, in ta tsaya nan take birki yana riƙewa, kuma kullum da shi kake kokawa ba ka sani ba. Farantan kuloci in sun cinye, inji zai yi ta kuka mashin ba ya gaba. Baƙin mai a sa na gaske mai hatimi, a daina na kwalba da ake aunawa a bakin titi. Wallahi na ga mashin da aka yi wa waɗannan kawai, mai shi ya hau ya dawo yana tambaya ko an canza masa inji ne.

Sai taya. Ƙarfin da taya ba ta kama ƙasa da shi ba, banza ne. Tayar baya mai manyan zane, sannan in za ka shiga yashi ka ɗan rage iska don ta baje, in ka fito kwalta ka mayar. Kada ka rage da yawa in da kaya, tif zai tsinke a bakin bawul ɗinsa.

Wanda kuma ya dage lallai sai ya taɓa cikin inji, akwai hanyar da ta dace. Injin nan samfurin CG, wanda Honda ta fito da shi a shekarun 1970 kuma kamfanonin Sin suka yi ta kwaikwayo har ya cika mana gari, faɗin silindarsa milimita 56.5 ne a 125. Na 150 kuwa milimita 62 ne, tafiyar fistin ɗin ɗaya ce, 49.5. Don haka ake iya ɗora silinda da fistin na 150 a kan wasu 'yan 125, a samu ƙarin gaske. Amma ko shi sai an bi shi da jet, a duba allurar kafireto, a yi masa tafiyar lallaɓa kafin ya zauna, a riƙa kwance fulogi ana karantawa. Launin ƙasa-ƙasa kamar shayi da madara, lafiya. Baƙi mai toka, mai ya yi yawa. Fari, tsaya nan take. Wannan karatun fulogin ko ɗan firamare zai iya koya a minti biyar, amma wanda ya yanka mini salansa bai ko kwance shi ba.

Da na je wurinsa ban ɗaga murya ba. Na ajiye masa bawul ɗin a kan benci na ce, "Oga, wannan aikinka ne." Ya ɗauka ya juya shi ya ce, "Alhaji, ai yaron ne ya ce yana son ya ji ƙara." Wannan amsar ita ta hana ni barci har na zauna rubuta wannan. Yaro ya ce maka mashin ba ya ja a yashi, kai ka san ƙara ba za ta ja shi ba, ka karɓi kuɗinsa ka yi shiru. In marar lafiya ya ce wa mai kemis yana son maganin da ya fi ɗaci, sai a ba shi guba? Sana'a amana ce. Kuma ina roƙon 'yan uwana bakanikai na kirki, waɗanda na san suna da yawa daga Fagge har Ƙofar Ruwa, ku riƙa tsawata wa irin waɗannan, domin sunanku duka suke ɓatawa.

Ban ma shiga maganar maƙwabta ba. Tsoho mai hawan jini yana kwance, jariri an samu da ƙyar ya yi barci, sai wani ya ratsa lungu ƙarfe sha ɗayan dare kamar ana harbi. A garin da har yau mutane ba su manta abin da ya sa aka hana acaɓa a 2013 ba, ƙarar da ta yi kama da bindiga ba abin wasa ba ce.

Yaron dai tun jiya bai iya haɗa ido da ni ba, uwarsa ta kira tana ba da haƙuri, na ce Yaya ki bar shi, gobe tare za mu je a haɗa injin a gabansa ya gani da idonsa, shi zai riƙe ma'aunin tafet.