Ƙure saitin na'urar gano yoyon ruwa ba ya ƙara tsaro

Abin yana damuna yadda masu kula da ɗakunan manyan kwamfutoci da yawa suke ganin cewa idan aka ƙure saitin na'urar gano yoyon ruwa, ta yadda ɗan laima kaɗan zai tayar da ita, an fi samun kariya. Dalilinsu abin fahimta ne, domin kowa yana son a sanar da shi tun ɗigon farko.

Sai dai igiyar na'urar, wadda ake shimfiɗawa a ƙarƙashin daɓen ɗakin domin ta gano ruwa, tana ɗauke da wayoyi ne waɗanda ba sa taɓa juna, kuma da zarar ruwa ya haɗa su, wuta ta ratsa, ƙararrawa sai ta tashi. Ba ta iya bambanta fashewar bututu da raɓar da ke taruwa kusa da na'urar sanyaya ɗaki.

Misali, idan ƙararrawa tana tashi sau uku a mako saboda raɓa, ba da daɗewa ba mai gadi zai riƙa kashe ta ba tare da dubawa ba, har ranar da bututu ya fashe da gaske. Matsakaicin saiti ya fi, tare da nisanta igiyar daga bakin iskar sanyi, a kuma riƙa gwada ta da jiƙaƙƙen tsumma.